Maganin da ake zubawa a gas da man juye na motar dizal: wanne ke aiki, wanne ke kashe inji?

Tambaya: "Ina da Hilux mai injin 2KD, ƙirar 2012. Ina ɗaukar kaya da ita daga Kano zuwa kasuwannin ƙauye, wani lokaci har bakin iyaka. Kwanan nan ta fara farin hayaƙi da safe, kuma idan ta ɗauki kaya sai ƙarfinta ya ragu. Bakanikena ya ce in riƙa zuba maganin wanke nozul duk sa'ad da na sha mai. Wani direba ya ce shi man babur mai hayaƙi yake zubawa a tankinsa. Mai sayar da man juye kuma ya ba ni wani abu mai kauri kamar zuma, ya ce in haɗa da baƙin mai. Wanne zan ɗauka?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya tsare hanya. Shawara uku aka ba ka, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta bakanikenka tana da tushe, amma ya zarce da ya ce kullum. Ta direban nan ta samo asali ne daga matsala ta gaskiya, sai dai maganin da ya zaɓa ba na injinka ba ne. Mai sayar da man juye kuwa, ka mayar masa da kayansa ka karɓi kuɗinka.

Bari mu fara da irin injin da kake da shi, don nan ne mafi yawan direbobi suke ruɗewa. Tsofaffin injinan dizal da muka saba da su, irin 3L da 5L na Hilux, ko 1HZ na Land Cruiser, ba su da tsirfa. Famfonsu mai tura gas na ƙarfe ne zalla, nozul ɗinsu masu fesa gas cikin inji buɗaɗɗu ne, kuma suna haƙuri da mai iri-iri. Su suka koya wa direbobinmu cewa injin gas komai ka ba shi zai sha. Naka ba haka yake ba. 2KD yana cikin injinan da Toyota ke kira D-4D, inda famfo yake matse mai ya tara shi a bututu guda, kwamfuta kuma ta riƙa buɗe kowace nozul a lokacin da ta ga dama. Matsin da ke cikin bututun nan yana kaiwa wajen ba 1,600 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), a sababbin injina irin 1GD da 2GD da suka fito a 2015 ma ya haura ba 2,000. Tayar motarka iskar da ke cikinta ba ta wuce ba 2 zuwa 3 ba. Ƙarfen da ke aiki a irin wannan matsi, tazarar da ke tsakaninsa 'yan maikiron ne kawai (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), kuma babu baƙin mai da ke kai masa. Gas ɗin da kake sha shi ne yake shafe famfo da nozul, shi ne kuma yake sanyaya su. Saboda haka duk abin da ya shiga tankinka, ta cikin kayan da suka fi komai tsada a injin zai bi.

A wurinmu, abin da ya fi cinye famfo da nozul shi ne ruwa da datti. Ruwa yana shiga ta tankin ƙasa na gidan mai idan damina ta yi ƙarfi, yana shiga ta duro da jarkar da aka bari a buɗe, yana kuma taruwa da kansa a tankin mota idan ana barinsa rabi, saboda raɓar da ke sauka a jikin ƙarfe idan dare ya yi sanyi bayan zafin rana. Ƙa'idar gas ta Turai, EN 590, ba ta yarda ruwa ya wuce kashi 200 cikin miliyan ba. Wanda ya taɓa ganin ƙasan duron 'yan bumburutu ya san tazarar da ke tsakaninmu da wannan adadi. Ruwa ba ya shafe ƙarfe, tsatsa yake kawowa, kuma idan ɗigonsa ya isa bakin nozul mai zafi yana iya fasa ta.

Toyota ta san da haka, shi ya sa ta sa wa matatar gas ɗinka wurin tara ruwa a ƙasa, da fitila a gaban direba da ke kamawa idan ya cika. Kada ka jira fitilar. Ka samu kwalba mai haske, ka tara ta a ƙarƙashin filta, ka sassauta ɗan makunnin robar da ke ƙasa, ka danna famfon hannu da ke saman filtar har mai ya zubo kamar rabin kofi. Ka ɗaure, ka ajiye kwalbar a inuwa na ɗan lokaci. Gas mai kyau za ka gan shi garau, kana hango yatsanka ta bayan kwalbar. Idan da ruwa, zai kwanta a ƙasa da layi a fili tsakaninsa da mai. Idan ka ga man ya yi hazo-hazo, ruwan ya cakuɗe da shi ke nan. Idan kuma ka ga wani baƙin abu mai yauƙi yana lilo a kan layin, to ƙwayoyin halitta ne suka kafa gida a tankinka, suna zaune a ruwan suna cin man, kuma su ne ke toshe filta da wuri. Wannan gwaji ba ya cin ko sisi, amma zai gaya maka abin da babu kwalbar magani da za ta gaya maka. Ka riƙa yin sa duk mako, da kuma duk lokacin da ka sha mai a wurin da ba ka yarda da shi ba.

Akwai magungunan da aka rubuta musu cewa suna kawar da ruwa daga tanki. A nan sai ka lura sosai, domin iri biyu ne masu aiki saɓanin juna. Wani yana narkar da ruwan cikin mai don ya wuce ta inji ya ƙone, kuma sau da yawa da sinadarin barasa, wato alkohol, ake haɗa shi. Wani kuwa yana raba ruwan da mai don ya faɗa ƙasa filta ta kama shi. Ga inji irin naka, na biyun ake so. Na farkon yana taimaka wa ruwa ya tsallake matatar da aka sa don ta tare shi, ya kai shi har cikin famfo. Ruwa mai yawa kuwa babu maganinsa sai a sauke tanki a wanke. Maganin kashe ƙwayoyin nan masu yauƙi yana aiki ƙwarai, amma bayan an zubar da ruwan, kuma ka tanadi filta ta biyu a mota, don gawarwakinsu za su toshe ta farkon cikin 'yan kwanaki.

Yanzu ga maganar direban da ke zuba man babur. Abin da yake gudu shi ne bushewar mai, wato gas ya rasa santsin da zai shafe famfo. Wannan damuwa tana da tarihi. Ƙasashen Turai da Amurka sun tilasta wa matatun mai su cire salfa, wato farar wuta, daga gas saboda hayaƙinta yana cutar da huhu. Amurka ta sauko zuwa kashi 15 cikin miliyan daga 2006, Turai ta sauko zuwa 10 a 2009. Aikin cire salfar yana tafiya da wasu sinadaran da ke ba gas santsi, don haka sai an mayar masa da santsin ta hanyar ƙarin magani tun daga matata ko defo. Ana auna santsin da wani gwaji da ke goga ƙarfe a kan ƙarfe cikin man, a duba faɗin tabon da ya bari. Turai ba ta yarda tabon ya wuce maikiron 460 ba, Amurka ta ƙyale har 520. Can ne kuma famfon Bosch mai suna CP4, wanda aka sa a manyan akori-kura na Ford da Chevrolet daga 2011, ya yi ƙaurin suna wajen lalacewa ya watsa garin ƙarfe cikin dukan hanyar mai. Shi ya sa za ka ga Ba'amurke a YouTube yana rantsuwa ba ya shan mai sai ya zuba magani. Yana da dalilinsa. Amma famfonka na Denso ne, manka ma daban ne. Haka maganin hana gas daskarewa da suke yawan talla, na ƙasashen ƙanƙara ne. Sanyin hunturun Kano bai kai inda za ka buƙace shi ba.

Mu matsalarmu ta daɗe tana ɗaya gefen. Shekara da shekaru ƙa'idar Nijeriya ta yarda da salfa har kashi 3,000 cikin miliyan. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a kan yadda 'yan kasuwar mai ke kawo wa ƙasashen Afirka gas mai salfar da ta ninka ta Turai sau ɗaruruwa. Daga baya ECOWAS ta amince da kashi 50 a 2020, kuma matatar Dangote ta fara sayar da gas a 2024. Ma'anar wannan a gare ka ita ce man da ke kasuwa yau gauraye ne. Wani tankin mai salfa ne da yawa, wani kaɗan, kuma ba a rubuta maka a jikin famfon gidan mai. Sannan ga algus. Idan kananzir ya fi gas araha, akwai masu sirkawa, kuma kananzir busasshen mai ne, ba shi da santsin da famfonka ke bukata. Idan ka ji inji ya canza murya bayan ka sha mai, ya yi ƙara mai kaifi, ƙarfi ya ragu, warin man ma ya koma na fitila, to ka zargi wannan.

A irin wannan hali maganin ƙara santsi yana da amfani na gaske, kuma ni da kaina nakan ce wa masu shiga daji su riƙe kwalba ɗaya a mota. Idan dole ta sa ka sha man jarka a inda babu gidan mai, ka tace shi, ka zuba maganin daidai awon da aka rubuta. Tankinka kusan lita 80 yake ɗauka, ka yi lissafi da shi. Ninka awo ba ya ninka amfani, wasu ma idan sun yi yawa sukan bar danƙo a cikin nozul.

Man babur mai hayaƙi kuwa ba don wannan aiki aka yi shi ba. An haɗa shi ne ya gauraya da fetur ya shafe ƙaramin inji. Yana iya ƙara ɗan santsi, ban musa ba, shi ya sa masu tsofaffin injina suke ganin kamar ya karɓe su. Amma ba ka san abin da ke cikin wanda ka saya a bakin titi ba. Wanda ya fi shi muni shi ne zuba baƙin mai, sabo ko tsoho, ko man giya mai ja, a tankin gas. Waɗannan suna ɗauke da sinadaran ƙarfe, baƙin mai musamman akwai tutiya a cikinsa. Don ka san girman abin, a gwajin da Turawa ke yi na toshewar nozul a injinan zamani, da gangan suke zuba tutiya kashi 1 kacal cikin miliyan don su sa ramukan nozul su fara toshewa. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a ajiye gas a tanki ko duro mai rufin tutiya, irin na galbanayiz, don man yana lasar ta. Tsohon baƙin mai kuma ga shi da baƙin toka da garin ƙarfe. Wanda ya zuba shi a D-4D ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Maganin wanke nozul da bakanikenka ya faɗa sabulu ne na musamman da ke narkar da dattin da ke taruwa a ramukan feshi da kuma cikin nozul. Magani mai kyau daga kamfanin da aka sani yana aiki, idan datti ne matsalar. Zuba shi lokaci-lokaci, misali tanki ɗaya kafin kowane juye ko bayan ka sha man da ba ka yarda da shi ba, ya wadatar. Kowane shan mai ɓarnar kuɗi ne. Abin da ba zai iya ba shi ne mayar da ƙarfen da ya cinye. Idan allurar cikin nozul ta goge, ko bawul ɗinta yana yoyo, ko ka juye katan guda ba abin da zai canza. Kuma ka kula da jabu, don kwalaben nan suna cikin kayan da aka fi kwaikwaya. Idan farashin ya yi araha fiye da hankali, wataƙila kananzir ne mai launi ka saya.

Maganin ƙara siten, wato saurin kamawar gas idan an fesa shi, yana rage ƙwanƙwasa da farin hayaƙin safe idan man ne mai rauni. Turai tana neman siten 51, Amurka 40. Idan manka mai kyau ne ba za ka ga wani bambanci ba. Duk kwalbar da ta yi maka alkawarin rage shan mai da kashi ashirin ko talatin cikin ɗari, ka ajiye ta. Iyakar abin da magani zai yi shi ne ya dawo da abin da datti ya rage.

To, sai baƙin mai, kuma a nan ba ni da sassauci. Man juye mai kyau ba mai ne zalla ba. Wani kaso mai tsoka na abin da ke cikin galan ɗin magunguna ne da kamfani ya riga ya auna ya haɗa: mai wanke datti, mai riƙe baƙin toka kada ta dunƙule, mai kare ƙarfe daga gogewa, mai hana kumfa, mai kashe tsami, da mai riƙe kauri idan inji ya yi zafi. An gwada su tare a injina kafin a ba man lambar da kake gani, irin CH-4 ko CI-4. Kamar miya ce da gwana ta gama haɗawa, kai kuma ka zo da gishirinka ka ƙara ba tare da ka ɗanɗana ba. Sinadaran nan suna gasar wurin zama a jikin ƙarfe, idan ka ƙara ɗaya sai ya danne wani.

Abin nan mai kama da zuma, aikinsa kawai ya ƙara wa mai kauri. Za ka ji inji ya yi shiru, hayaƙin shuɗi ya ragu, fitilar mai ta daina ƙyaftawa, sai ka ce an dace. Ba a gyara komai ba, an rufe bakin alamar ne. Mafi yawan cin ƙarfe a inji yana faruwa a daƙiƙun farko bayan tayarwa, kafin mai ya hau sama. Mai kauri yana jinkirin hawa, kuma tobo ɗinka mai cusa wa inji iska, da ke juyawa sama da sau dubu ɗari a minti, shi zai fara ɗanɗana kuɗarsa. Akwai kuma 'yan bututun da ke fesa mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi, su ma gudun mai suke so. Ga tsohuwar mota mai shan baƙin mai da ake lallaɓawa kafin a sauke inji, ana iya fahimtar mai zuba shi. Mai sayar da mota ma yakan zuba don ya ɓoye aibi, don haka idan za ka sayi ta hannu ka ja sandar awon mai ka ga ko yana zarya. Ga inji mai lafiya babu dalili.

Masu cewa suna lulluɓe cikin inji da Teflon, sinadarin nan mai santsi da ke hana abinci kamawa a kasko, su ma tsohon zance ne. Kamfanin DuPont da ya ƙirƙiro Teflon ɗin ya faɗa tun 1980 cewa ba shi da amfani a matsayin ƙari a man inji. A shekarun 1990 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta tuhumi masu Slick 50 da masu STP a kan tallan da ba su da hujjarsa, aka kuma hana su ci gaba da irin waɗannan iƙirari. Kayan da aka taka wa burki a can, irinsu ne suke cika shagunanmu da sababbin sunaye.

Maganin wanke cikin inji kafin juye yana da haɗarin da ya shafi injinka kai tsaye. Injinan KD, musamman 1KD, an san su da matsalar wasa, wato ɗan zoben ƙarfen da ke ƙarƙashin nozul don tare hayaƙi. Idan ta fara yoyo, hayaƙi yana hawowa ya gasa mai ya zama gawayi, gawayin ya gangara ya taru a rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Ka zuba maganin wanki mai ƙarfi a irin wannan inji, sai ya ɓamɓaro dattin gaba ɗaya ya liƙe rariyar, mai ya yanke, metal ya kama. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Idan ana zargin datti, a kwance kaskon mai a duba rariyar da ido, a wanke da hannu, a canza wasar.

Abin da salfa mai yawa ke yi wa baƙin mai shi ne ta sa shi tsami da wuri, ƙurar hunturu da kaya masu nauyi kuma su ƙara masa wahala. Maganin wannan juye ne a kan lokaci. Ga aiki irin naka, kada ka wuce kilomita 5,000, da baƙin mai 15W-40 na dizal mai lambar CI-4 ko wanda littafin motar ya ambata, daga dila na gaskiya, da sabuwar filta kowane juye. Wanda motarsa ta zo daga Turai da matatar hayaƙi ta DPF, shi kuma man juye mai ƙarancin toka zai nema, kuma ƙarin magani mai ƙarfe a ciki zai toshe masa matatar. Idan tana da tankin AdBlue, wato ruwan da ake fesawa a salansa don tsabtace hayaƙi, kada ɗigonsa ya kuskura ya shiga tankin gas.

Game da motarka, alamomin da ka faɗa ba na kwalba ba ne tukuna. Farin hayaƙi da safe mai warin ɗanyen gas, wanda ke ɗaukewa idan inji ya yi zafi, ya fi nuna hita filogi da suka mutu ko nozul mai ɗiga. Kada ka bari a fesa maka fetur ko maganin sauro a hanyar iska don ta tashi, yana iya fasa fistin. Raguwar ƙarfi da kaya kuwa, a fara da masu araha: filtar gas, filtar iska, tiyon tobo ko ya tsage, da bawul ɗin EGR mai mayar da wani sashen hayaƙi cikin inji, wanda kan cika da baƙin danƙo. A jikin famfon Denso akwai ɗan bawul da ake kira SCV, yana yawan kawo irin wannan kasala, kuma ana canza shi shi kaɗai ba sai an sayi famfo ba. Ka kai ta wurin mai na'urar kwamfuta ya karanta matsin bututun mai da yadda kwamfuta ke gyara wa kowace nozul awonta, sannan a gwada yawan man da kowacce ke mayarwa tanki. Idan ɗaya ta fita daban da sauran, an gano mai laifi. Idan duka sun ɗan karkace kaɗan ne, a nan ne kwalbar wanke nozul ta cancanci gwaji, tanki ɗaya ko biyu, a sake aunawa. Idan har ta kai ga canza nozul, ka tsaya a kai sai an shigar da lambar da ke jikin kowacce a kwamfutar motar, an kuma sa sababbin wasa, a wanke tanki kafin a tayar.